Zaren Kitso a Jikin Wayar Wuta

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa, "Munira, ki auri Habib kawai ki huta," na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in daina yi wa kaina mugunta. Na gode. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya faru a makon nan, sannan ku sake ba ni shawara in za ku iya.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: mai kitso ce ni a Bulabulin. Iyayena Kanawa ne, amma a Maiduguri aka binne cibiyata. Mijina Umara mai aikin wayarin ne, wato jan wayar wuta a gidaje. Mun ɗan haura shekara da aure ya fita aiki Zabarmari, bai dawo ba har yau. Ba a kawo mana gawa ba, ba a kawo mana labarin inda yake ba. Ina nan zaune a ɗakina a gidansu, ni da mahaifiyarsa Hajja, mu biyu rak.

Sai na gaya muku yadda yake aiki, in ba haka ba sauran zancen ba zai shige ku ba. Umara ba ya jan waya irin na wasu, a bar ta tana reto kamar igiyar shanya. Shi sai ya tsaya ya ƙura wa bango ido, ya daɗe, har mai gida ya fara zargin ko bai iya ba ne. Sannan ya jera wayoyin, ja kusa da baƙa, baƙa kusa da koriya, babu wadda za ta hau kan 'yar'uwarta tun daga mita har ƙarshen gida. In ya zo kwana ba ya karya waya, lanƙwasa ta yake yi a hankali. Yakan ce ita ma tana jin ciwo in an matse ta, ni kuwa in ce to Allah ya sa ka riƙa tausayina kamar yadda kake tausayin waya.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne 'yar robar nan da ake ɗaure wayoyi da ita, don zafin garin nan busar da ita yake yi ta karye. Wata rana yana zaune yana kallona ina ɗaure wa wata ƙarshen kitso, sai ya ɗauki baƙin zarena ya ja da ƙarfi, bai tsinke ba. Daga ranar zarena ya fara ƙarewa babu dalili. Sai dai bawan Allahn nan bai iya ɗauri ba ko kaɗan. Yatsunsa manya ne. In ya ƙulla sai ka ga ƙulli ya yi tudu kamar ƙwayar gyaɗa, ga jela biyu sun miƙe ta gefe. Ni kuwa zagaye uku nake yi, in cusa bakin zaren ta ƙasa, ya kwanta luf, ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Shi ke nan muka raba aiki. Da yamma ya shimfiɗa tabarma, ya auna, ya yanka, ya jera, ni in bi ina ɗaurewa. A gida yake haɗa komai ya naɗe a jaka, wai ba ya son barin guntayen waya a tsakar gidan mutane.

Wannan tsaftar aikin ce ta ja masa. A lokacin garin a tsorace yake, kowa na zargin kowa. Aka tare Keke Napep ɗin da ya hau a wani shingen jami'an tsaro, aka buɗe jakarsa, aka ga wayoyi a ɗaure tsaf, ga makunnai, ga ƙaramin batir da yake gwada ƙwan lantarki da shi, aka ce kayan haɗa bam ne. Mai keken ya ce Umara ya yi bayani da Hausa, ya yi da Barbarci, babu wanda ya saurare shi. Wani ma cewa ya yi mai gyaran wuta na gaskiya ba ya haɗa kaya da kyau haka. Aka jefa shi a mota. Babu inda ba mu je ba, babu wanda ba mu roƙa ba.

Ɗakina shi ya ja masa waya da hannunsa. Duk ɗaurin da ke ciki nawa ne, in ban da guda ɗaya a saman ƙofa, wanda ya ƙulla ranar ina wurin biki. Da na dawo na yi ta yi masa dariya, na ce ba zan gyara ba, zan bar shi duk wanda ya shigo ya ga abin kunya. Tun da aka kayar da turakun da ke kawo wa garin nan wuta, wata da watanni ke nan babu abin da ke bi ta cikin wayoyin, amma kullum sai na goge musu ƙura. In zafi ya ishe ni da rana, kwanciya nake yi a kan leda in bi su da ido daga wannan kwana zuwa waccan. Kaɗaici ba ƙarya ba ne, jama'a. Akwai ranar da nake wuni ban yi magana da kowa ba sai wadda ta kawo kanta kitso, ita ma ƙeyarta nake gani.

Yayana Mahmud ya gaji da ni. Makon jiya ya zo, ko zama bai yi ba.

"Shekarun da shari'a ta ce a jira sun wuce tun tuni. Na yi magana, ranar Alhamis za mu je gaban alƙali a raba auren nan. Ki gama idda, mutanen Habib su turo."

"Yaya, ni fa ban ce..."

"Ba ki ce ba, ba ki ce ba. Yaushe za ki ce?"

Na juya wurin Hajja ina jiran ta tare mini kamar yadda ta saba. Tana zaune gaban kasko tana zuba turaren wuta, ba ta ɗago ba.

"Munira, ni na haife shi," in ji ta. "In na ce ki tafi, ba ƙin ki nake yi ba. Na gaji da ganinki kina tsufa a ɗakin da babu kowa. Habib ɗin ma ni na nuna wa yayanki shi."

Ranar na yi kuka har kaina ya yi ciwo, don ban taɓa zaton daga bakinta zan ji ba.

Kada in zalunci Habib. Yana da shagon kayan sola a hanyar Baga, matarsa ta rasu wurin haihuwa, ɗan ma bai zauna ba. Mutum ne mai jiki, mai son turare, ba ya ɗaga murya. Kullum da safe saƙonsa iri ɗaya ne: "Salam. An tashi lafiya? Ya zafi? A gaida Hajja." Ni kuma in rubuta, "Lafiya." Ko ɗigo ba na ƙarawa. Amma tunda na yi alƙawarin ba zan ɓoye muku komai ba, na lura in gari ya waye idona yana kan wayata kafin saƙon ya shigo.

Ranar Asabar ya zo da farantan sola biyu da batir, wai gudunmawarsa ce ga Hajja. Shadda ruwan sararin samaniya ce a jikinsa, ya naɗe hannun riga, ya cire hula ya ajiye a kan turmi. Shi kaɗai ya zo, ya ce ba zai turo ma'aikatansa gidan da yake neman aure ba.

"Wushe, wushe," Hajja ke ta yi masa sannu. "Ka fara da ɗakin Munira, nata ya fi zafi."

"To Hajja. Sai dai tsofaffin wayoyin zan cire in ja sababbi, ya fi sauƙi."

Na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen mayafina, na rasa bakin da zan ce kada ya taɓa. Hajja ta shiga gaba, ya bi ta da filaya a hannu. Ya ɗaga kai. Sai na ga ya tsaya cak. Ya bi layin wayoyin da ido har kwana, ya dawo, ya miƙa hannu ya shafa ɗauri ɗaya da ɗan yatsa.

"Wannan zare ne?"

"Zaren kitso ne," na ce.

"Ya taɓa koya wa wani irin wannan aikin? Ba shi da yaro?"

"Ni ce yaronsa."

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya juyo zai fita, idonsa ya sauka a kan ƙullin nan na saman ƙofa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zura filayar a aljihu. Ɗakin Hajja kawai ya haɗa wa fanka da ƙwai ɗaya, ya ce nawa sai wani zuwan. Shayin da na dafa masa da citta ko kurɓa bai yi ba, hularsa ma sai da Hajja ta tuna masa.

Lahadi babu saƙo. Litinin babu saƙo. Na ce a raina to madalla, ya ga ɗakin ya gane har yanzu da mai shi, ya janye jikinsa. Na ce ko a jikina. Ƙarya nake yi, na duba wayar nan har cajinta ya ƙare, na kai shagon caji na biya, na dawo na ci gaba da dubawa. Haushin kaina ya kama ni. Wanda nake jira bai zo ba, wanda ba na jira shi ma ya ɗauke ƙafa.

Talata da hantsi saƙo ya shigo.

"Salam. Don Allah ki shirya, zan kai ki wani wuri a Gomari. Ki zo da wata. Kada ki gaya wa Hajja tukuna."

"Lafiya?"

"Sai kin gani da idonki. Ni ba zan iya faɗa ba."

Na leƙa na kira Salomi, maƙwabciyarmu 'yar Biu, wadda nake yi wa kitso duk Asabar saboda coci. Na ɗaura lafaya ruwan toka, ban sa ko kwalli ba. Na ce wa Hajja kitson amarya za mu je dubawa, na ɗauki jakata ta aiki don maganar ta zauna. Habib ya ɗauke mu a motarsa a bakin layi. Salomi sai zungurina take yi tana raɗa, "Gida zai nuna miki, wallahi gida ya gina miki." Da muka zo shinge na riƙe numfashi kamar yadda nake yi kullum, har aka ɗaga mana hannu muka wuce.

Sabon gini ne, ko fenti ba a yi ba, ba a kuma rufe silin ba. Wani tsoho mai gadi, Baba Ba'ana, ya buɗe mana. Habib ya ce shi aka ba kwangilar kawo batura da faranti, amma wayarin ɗin wani ne daban ya yi, shugaban magina ne ya samo shi. Ya wuce da mu wani ɗan ɗaki a baya inda za a jera baturan, ya matsa gefe.

Na ɗaga kai.

Ja kusa da baƙa, baƙa kusa da koriya. Sun taso daga akwatin bango sun hau sama a jere, sun sha kwana a lanƙwashe, babu wadda ta hau kan wata. Kuma duk bayan taki ɗaya, baƙin zare. Na dafa Salomi.

"Tun watan jiya na ga aikin nan," in ji Habib a hankali. "Na tsaya ina sha'awa, har hoto na ɗauka na nuna wa ma'aikatana. Ban kawo komai a raina ba sai da na shiga ɗakinki."

"Wayoyin sababbi ne?" na tambaya.

"Na bana ne. A shagona aka saya."

Na ce a kawo mini tsani. Salomi ta ce, "Ke, da lafaya?" Na tattare ta na soke a ƙugu. Habib ya riƙe tsanin da hannu biyu, ya kawar da kansa gefe, na hau. Ina so in gani kusa, don jeri ana iya kwaikwaya, zare kuma kowa na iya saya a kasuwa.

Ƙulli ne mai tudu, ga jela biyu sun miƙe ta gefe. Na duba na gaba, haka. Na gaba ma haka. Duk tsawon bangon nan babu ɗauri ɗaya mai kyau. Duk shekarun nan, mutumin nan bai koyi ɗauri ba. Dariya ta taso mini, kafin ta fito ta zama kuka, na kifa goshina a kan tsanin ina yi.

Da na sauko na tambayi Baba Ba'ana wane ne mai aikin.

"'Yata, sunansa ban sani ba, Mai Waya muke ce masa. Siriri ne, kansa duk furfura amma ba tsoho ba ne, yana ɗan jan ƙafa. Daga sallar asuba yake zuwa, kafin magina su taru ya tafi. Ba ya son taro. In baƙo ya tsaya a kansa, tattara kayansa yake yi. Ko mota ce ta tsaya a waje da ƙarfi sai ka ga ya zabura."

"A ina yake kwana?"

"Allah masani. Gobe dai zai zo, saura ɗaki biyu ya gama."

Wato yana raye. Yana cikin garin nan, yana shan zafin da nake sha, kuɗin keke ɗaya ne tsakaninsa da uwarsa da matarsa, bai zo ba. Na rasa abin da zan ji. Farin ciki ya zo, haushi ya ture shi, tausayi ya zo ya ture su duka. Na san yadda unguwa ke kallon wanda aka sako, yadda ake janye yara in ya wuce. Wataƙila ya zo bakin layinmu ya juya. Wataƙila ya ji an ce ranar Alhamis za a raba auren, ya ce gara ya bar ni in huta, kamar yadda ku ma kuke cewa.

"Gobe da asuba zan kawo ki," in ji Habib. "Ki tsaya a zaure, in ya shigo ki gan shi."

Na girgiza kai. "An taɓa tare shi a hanya sau ɗaya. Ba zan zama ta biyu ba."

Na buɗe jakata na ciro zare da reza. Na sake hawa tsanin. Na zaɓi ƙullin da ke daidai saman akwatin, inda dole idonsa ya fara sauka, na yanke shi. Na gyara zaman wayoyin da yatsa, na yi zagaye uku, na cusa bakin zaren ta ƙasa, na ja. Ya kwanta luf. Hannuna bai manta ba. Ɗaya kawai na yi, na bar masa sauran abin kunyarsa.

Ina saman nan na dubi Habib, har yanzu kansa na gefe, gumi ya jiƙa bayan shaddarsa.

"Malam Habib, da ka yi shiru da ban taɓa sani ba."

"Na yi shirun ai," ya ce. "Na gwada. Ko sallah ta ƙi yi mini daɗi."

Na roƙi Baba Ba'ana kada ya ce kowa ya zo. A hanyar dawowa Salomi ta riƙe hannuna gam, ba ta sake zolayata ba. Da za mu sauka Habib ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Alhamis fa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To. A gaida Hajja."

Yau Laraba. Tun safe na kasa karyawa. Wata ta zo kitso na tsaga mata layi a karkace har sau biyu, na ba ta haƙuri na ce ta dawo jibi. Hajja tana ɗakinta, sabuwar fankarta na juyawa, tana turara mini lafayar da zan sa gobe gaban alƙali. Yaya Mahmud ya kira ya ce in shirya da wuri. Ban gaya wa ko ɗayansu ba. In na ce wa tsohuwar nan ɗanta na raye, sannan bai zo ba, da wane ido zan kalle ta?

Rana ta ɗaga sosai saƙon Habib ya shigo.

"Baba Ba'ana ya kira ni. Mai Waya ya zo. Ya hau tsani, ya daɗe a sama bai taɓa komai ba. Da ya sauko ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Daga baya ya sake hawa, ya yanke ɗaurinki ya sa a aljihun gaba. Ya fita bai ɗauki jakarsa ba."

Na rubuta, "Wace hanya ya bi?"

"Baba ya ce bai gani ba."

Na tashi na share tsakar gida, na share zaure, na ɗora ruwan shayi. Na buɗe ƙofar gida har bango, na sa dutse na tokare ta. Hajja ta leƙo ta taga.

"Ke Munira, wa zai zo kika wangale mana ƙofa da ranar nan?"

"Iska nake so ta shigo, Hajja."

Ta kalle ni, ta kalli kofi uku da na jera a kan faranti. Sai gani na yi ta fito da tabarmarta, ta shimfiɗa kusa da ni, ta zauna tana fuskantar ƙofa.